Fulasta mai ƙananan allurai: Fasahar da ke neman rage amfani da sirinji

Akwai magungunan da ba a iya haɗiye su kamar ƙwaya. Insulin na masu ciwon sukari da yawancin riga-kafi suna cikin waɗanda ake samarwa daga halittu masu rai, kuma da zarar sun shiga ciki, ruwan narkar da abinci zai lalata su. Shafa su a jiki ma ba ya aiki, domin ƙwayoyinsu sun yi girman da ba za su ratsa saman fata ba. Shi ya sa sirinji ya zama dole.

Masana sun daɗe suna neman mafita. A shekarar 1998, tawagar Farfesa Mark Prausnitz ta jami'ar Georgia Tech da ke Amurka ta nuna cewa allurai 'yan mitsi-mitsi na iya buɗe wa magani hanya ta fata.

Yadda take aiki

Ana jera alluran ne a jikin wata 'yar fulasta. Tsawon kowace bai kai milimita 1 ba, wasu ma ba su kai kaurin katin ATM ba. Suna huda busasshen saman fata, amma ba sa nutsawa can inda jijiyoyin jini da na jin zafi suka fi yawa, don haka zafin kaɗan ne.

Wasu alluran ana shafa musu maganin a jiki, wasu suna da rami a tsakiya. Akwai kuma waɗanda ake yi da sukari ko makamancinsa haɗe da maganin, su narke cikin fata bayan 'yan mintuna. Babu tsinin da zai rage, balle a sake amfani da shi.

Inda aka kwana

A 2017, mujallar The Lancet ta wallafa gwajin fulastar riga-kafin mura da aka yi wa mutum 100 a jami'ar Emory, inda garkuwar da ta samar ta yi daidai da ta allurar da aka saba. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon gwaji a Gambiya kan riga-kafin ƙyanda da rubella. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka manna wa fulastar sun samu kariya daga ƙyanda.

Wannan labari ya shafi arewacin Najeriya da Nijar, inda ƙyanda ke kashe yara. Riga-kafin ƙyanda na yanzu yana buƙatar firji da ma'aikacin da ya iya allura, alhali busasshen maganin da ke fulasta ya fi jure zafi, kuma manna ta ba wuya.

Abin da ya rage

Fulastar ba ta ɗaukar magani mai yawa, saboda haka ta fi dacewa da riga-kafi. Ana kuma buƙatar manyan gwaje-gwaje da masana'antun da za su ƙera ta da yawa a farashi mai sauƙi. Kafin nan, kai yaro asibiti a yi masa allurar ƙyanda yana wata tara shi ne kariyar da ke hannu.