Dutsen Dala Da Kalmar "Altitude"

Akwai wata kalma ta Turanci da take wahal da yaranmu a darasin labarin ƙasa, watau altitude. Asalinta daga Latin ne, altus, abu mai bisa. Malamai da yawa sukan fassara ta da "tsawo" su wuce, to, a nan ɓarnar take.

Tsawon rimi daga gindinsa ake aunawa. Amma altitude na gari ko na dutse daga fuskar ruwan teku ake soma lissafinsa, ko da tekun yana can Ikko, yaro bai taɓa ganinsa ba.

Ga misali. Littattafai suna cewa Dutsen Dala mita 534 ne. Duk wanda ya taɓa hawansa ya san bai kai haka ba, sai ya zaci littafi ya yi ƙarya. Ba ƙarya ba ce. Birnin Kano kansa yana bisa teku da wajen mita 480, saboda haka abin da Dala ya ɗara gari da shi hamsin ne da 'yan kai. Sauran duk yana ƙarƙashin ƙafafun Kanawa.

Haka kuma Ɗambatta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin gero da dawa da gyaɗa iyakar ganin ido, har ɗan makaranta ya ce garinsu ba shi da altitude tun da yake ba a kan tudu yake ba. Alhali kuwa ya haura mita 400. Ido ba ya ganin wannan, amma ruwa ya sani: kogunan ƙasar Kano suna gangarawa ta Haɗeja su nufi Tafkin Cadi, wanda bai wuce mita 280 ba. Sanyin Jos ma daga nan yake, gama tana wajen mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6.

A ganinmu gara malami ya ce "bisa daga fuskar teku". Ya fi tsawo a baki, amma ba ya ɓad da yaro.

Akawuna masu kwafe takardun safiyo kuwa su lura da latitude, gama juya harufa biyu na farko kaɗai ya raba su. Ita wannan nisa ce daga layin tsakiyar duniya, da digiri ake faɗinta, ba da mita ba. Ta Ɗambatta digiri 12 ne da ɗoriya, arewa.