Dayi ne ko kashin yawo? Ga yadda za ku rabe su



Yara da yawa yanzu duk ciyawa mai ƙaya sunanta ɗaya a wurinsu. Sai ka ga an tuge dayi an ƙone tare da kashin yawo. Alhali dayi abincin raƙumi ne, kuma yana ƙara wuyar gani tunda gonaki suka cinye saura.

Abin mamaki, su biyun dangi ɗaya ne, dangin babban huren nan mai bin rana. Shuwaka da salati da tazargade duk 'yan gidan ne. Alamar gidan kuwa ita ce, abin da kake ɗauka hure ɗaya ne, in ka buɗe shi da farce sai ka tarar ƙananan huranni ne cunkushe a kai guda. Karangiya da tsidau ba sa ciki, ƙaya ce kawai ta haɗa su.

To, ga dayi. Ba ya tashi sama sosai, yakan baje kusa da ƙasa a wuri mai rairayi. Ganyensa toka-toka ne, mai tsage-tsage, ga ɗaci. Kan huren dunƙule yake, ƙayoyi masu launin kara sun kewaye shi ta ko'ina, a samansa kuma wani ɗan tuntu jaja-jaja mai sirkin shuɗi. Wannan tuntun shi ne shaida. Masana na kiransa Centaurea perrottetii, daga sunan Perrottet, wani Bature da ya tattara tsirrai a Senegal wajejen 1820 da wani abu.

Shi kuwa kashin yawo baƙo ne, asalinsa daga Amurka ta Kudu. Tsaye yake, jikinsa duk gashi, reshe na rabuwa biyu-biyu. Hurensa ƙanana ne, rawaya-rawaya, sai ka duƙa kake ganinsu. 'Ya'yansa na jeruwa kamar tauraro, kowane da ƙaho biyu, su maƙale wa wando da jelar bisa. Dabbobi ma gudunsa suke.

Don haka in kun shiga dajin Takieta ko kuna sharar bakin gona, ku duba huren tukuna. Na tauraro a tuge shi tun bai zubar da iri ba. Mai tuntu a bar wa raƙuma, don Allah. Wanda ya gan shi, ya turo mana hoto ta WhatsApp da sunan wurin.