Barosha: garin shaƙatawa da ya koma kufai

A gabashin tsibirin Saifurus, cikin Bahar Rum, akwai wata unguwa ta birnin Famagusta da ake kira Barosha. A farkon shekarun 1970 masu hannu da shuni daga Turai suna tururuwa zuwa dogayen otal-otal ɗinta da ke jere a bakin teku.

A watan Agusta na 1974, da sojojin Turkiyya suka doso birnin, mazaunanta, galibinsu Girkawa, suka fice da abin da hannu zai ɗauka, suna zaton kwana kaɗan za su yi. Soja suka kewaye unguwar da waya. A 1984 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin ƙuduri mai lamba 550, ya ce ba a yarda a zaunar da kowa a can ba sai masu wurin. Sai a watan Oktoba na 2020 aka buɗe wani sashe ga baƙi.

Mun bi titin da aka gyara, igiya na tsare mu daga shiga gine-gine. Mun ga itatuwa sun tsiro a tsakar ɗakuna, tagogi babu gilashi, allunan shaguna sun koɗe. Ƴan yawon buɗe ido na wucewa a kan kekunan haya suna ɗaukar hoto.

Abin da muka je kallo kuwa gidajen mutane ne. Yaran da aka goyo aka fita da su sun haura shekara hamsin, suna zuwa su tsaya bayan igiya, su nuna wa ƴaƴansu ƙofar gidan kakanninsu. Sulhun da zai mayar da su bai samu ba tukuna.