Ƙaramar Tukunyar Lantarki Ta Dafa Shinkafa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin hura wuta ya shiga sahun manyan ɗawainiyoyin gida. Gas ya hau, gawayi ya bi shi, itace ma sai an yi tafiya mai nisa kafin a samo. A Babura da Gwiwa na Jihar Jigawa, inda hamada ke matsowa, kowace bishiya da aka sare asara ce ga gona da dabba. Ga kuma hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa na cikin gida yana jawo mutuwar mutum kimanin miliyan 3 duk shekara, kuma mata da yara ƙanana ne suka fi shaƙarsa.

Shi ya sa ƙaramar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, wadda masu shago ke kira rais-kuka, ta fara shiga cikin kayan kicin na amare, da ɗakunan ɗalibai, da gidajen malamai da ma'aikatan lafiya da aka tura Roni ko Gwiwa ba tare da iyali ba. Aba ce mai amfani ƙwarai. Sai dai a yankinmu, kafin a tambayi kyau ko suna ko farashi, wutar gidan ake fara dubawa. Ita ce za ta nuna irin tukunyar da ta dace da ku, ko ma ta nuna cewa lokacin sayenta bai yi ba.

Yadda take aiki

Kamfanin Toshiba na Japan ne ya fara sayar da irin wadda ke kashe kanta a 1955, kuma har yau mai sauƙin cikinsu ba ta sauya tsari sosai ba. Kashi biyu ce: gangar waje mai farantin ƙarfe da ke yin zafi a ƙasa, da tukunyar ciki da ake zuba shinkafa da ruwa. A tsakiyar farantin akwai wani ɗan ƙarfe zagayayye mai sifirin, wanda ke taɓa gindin tukunyar ciki yana jin zafinta.

Ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 100, kuma muddin akwai ruwa a tukunya zafin ba zai wuce haka ba. Da zarar shinkafa ta shanye ruwan, sai zafin gindin ya haura. A cikin ɗan ƙarfen nan akwai maganaɗisu da ke sakin riƙonsa idan zafi ya wuce wannan iyaka, sai makunnin ya yi ƙara ya ɗaga sama, tukunyar ta koma ɗumamawa. Ke nan ba agogo take bi ba, ƙarewar ruwa take bi. Wanda ya riƙe wannan ya gane dalilin kusan duk matsalar da za ta taso: idan ruwa ya yi kaɗan za ta kashe kanta shinkafa da sauran tsakiya, idan ya yi yawa ta caɓe, idan kuma wani abu ya kama a gindi ta ɗauka girki ya ƙare alhali bai ƙare ba.

Ku fara da wutar gidanku

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Jigawa da Kano da Katsina. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukuninku yana jikin takardar bil ko rasit ɗin kati. Amma abin da ya fi takarda shi ne abin da kuka sani da kanku: ƙarfe nawa ake kawo wuta a unguwarku, tana daɗewa, kuma da ƙarfinta take zuwa?

Ƙarfin yana da muhimmanci. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Idan ta faɗo zuwa 180, zafin da tukunyar ke bayarwa yana komawa kusan kashi 60 cikin 100, sai girkin rabin awa ya doshi awa guda. Gidan da fanka ke juyawa da ƙyar, tukunyar ma haka za ta yi.

A gindin kowace tukunya akwai ɗan allo mai lambobi. Lambar da ke da harafin W ita ce yawan wutar da take ja. Mai lita 0.6 takan ja wat 300 zuwa 350, mai lita 1 wat 400 zuwa 500, mai lita 1.8 wajen wat 700. Tukunya mai wat 400 da ta yi rabin awa tana aiki ta ci kashi ɗaya cikin biyar na yunit, wato yunit guda girki biyar. Ko da farashin rukunin A na watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, girki ɗaya naira 45 ke nan. Ku kwatanta da kuɗin gawayin da zai dafa shinkafar mutum uku.

Masu janareta su lura. Ƙaramin injin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba ya ɗaukar fiye da wat 650 ko kusa da haka. Zai iya da tukunya mai wat 300 ko 400 idan an rage sauran kaya, amma mai wat 700 ta fi ƙarfinsa. Kuma idan don shinkafa kaɗai za a tayar da inji, ribar ta tafi a fetur.

Masu sola kuwa, ƙaramar nan ta fitila da cajin waya ba za ta iya ba. Ana buƙatar inbata da ta kai kVA 1, da batir mai lafiya. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wajen yunit 1.2, kuma idan irin na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata a ja don kada ya mutu da wuri. Girki ɗaya zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan rabin. Dabarar ita ce a ɗora girki tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke dukan farantin sola sosai, a bar batir ga fitila da fanka da dare.

Girman da ya dace

Kowace tukunya tana zuwa da ɗan kofinta na mililita 180, wanda ya ɗan ɗara ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Da shi ake lissafin girma: mai lita 0.6 kofi uku take ɗauka na ɗanyar shinkafa, mai lita 1 kofi biyar, mai lita 1.8 kofi goma. Wasu kamfanoni sukan rubuta faɗin cikin tukunyar gaba ɗaya don lambar ta yi girma, saboda haka ku buɗe ku duba layukan da aka zana a ciki, su ne ke faɗin adadin kofi na gaskiya.

Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai, mai kofi uku ta ishe shi, bayan ya tabbatar dokar masaukinsa ta yarda da kayan girki na lantarki. Amarya da ango, ko masu yaro ɗaya ko biyu, mai kofi biyar. Gidan da ake auna kwano guda ko fiye a girki ɗaya, ƙaramar tukunya ba ta babban girki ba ce, sai dai ta yi na mara lafiya, ko na 'yan makaranta da sassafe. Kada kuma a sayi babba don a riƙa zuba kofi ɗaya a ciki, shinkafar za ta bushe ta kama. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin dubawa a shago

Ko a Kazaure kuka saya, ko Daura, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, kada ku biya sai an jona an gwada a gabanku. A zuba ruwa kaɗan, a danna makunni, ku ga fitilar dafuwa ta kama kuma ruwan ya fara ɗumi.

Ku duba lambar da ke da harafin V. Dole ta kasance 220 zuwa 240. Wannan ya fi shafar kayan gwanjo, domin na Amurka bolt 120 ne, na Japan bolt 100, kuma idan aka jona su kai tsaye a wutarmu za su ƙone.

Ku ɗaga tukunyar ciki ku ji nauyinta. Mai kauri ta fi raba zafi, ba ta saurin lanƙwasa. Ku shafa gindinta, kada a sami lotsawa, domin dole ya zauna daram a kan faranti. Ku danna ɗan ƙarfen tsakiya da yatsa, ya kamata ya nutse ya dawo ba tare da maƙalewa ba. Waya ta kasance mai kauri, fulogi mai ƙafa uku. Ku karɓi rasit, ku kuma tambayi inda ake samun waya da tukunyar ciki idan sun lalace.

Akwai masu allon lambobi da maɓallai da yawa. Suna da kyau a inda wuta ta tsaya, amma hawa da saukar wuta yana lalata allonsu, wasunsu kuma idan aka ɗauke wuta sai an sake saita su. Mai makunni ɗaya, wadda aka rubuta wa Cook da Warm kawai, ita ta fi dacewa da mu. Idan wuta ta dawo ci gaba take daga inda ta tsaya, kuma mai gyaran rediyo ko fanka na gari zai iya duba ta.

Yadda ake girki da ita

Shinkafa 'yar Hausa sai an tsince an rege ta sosai, domin tsakuwa tana karce rufin cikin tukunya. A wanke a wata roba daban, sannan a juye. Kafin a mayar da tukunyar ciki, a goge bayanta da tsumma busasshe, a tabbatar babu ƙwayar shinkafa a kan faranti.

Layukan ruwa na ciki an yi su ne don farar shinkafar ƙasashen Asiya. Tamu turarriya ta fi shan ruwa. Ku fara da kofi biyu na ruwa ga kowane kofi ɗaya na turarriya, kofi ɗaya da rabi ga fara, sannan ku gyara a girki na gaba, don tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa shan ruwa. Idan makunni ya ɗaga, kada a buɗe nan take. A bar ta minti 10 zuwa 15 ta turara, sannan a motsa da cokalin roba ko na katako.

Garau-garau yana yiwuwa, amma wake ya fi shinkafa daɗewa, don haka a jiƙa shi, a fara dafa shi da ruwa mai yawa har ya kusa nuna kafin a zuba shinkafa. Kanwa kuwa a rage ta ko a bar ta, domin tana cin alminiyam, wanda da shi ake yin yawancin tukwanen ciki. Dafa-duka ma tana yi, sai dai a soya kayan miya a gefe, a zuba su a sama bayan shinkafa da ruwa, kada tumatir ya kwanta a gindi ya kama. Idan shinkafar tuwo ce, a dafa ta luguf a ciki, a juye a wata tukunya a tuƙa, don muciya za ta ɓata rufin. Wadda ta zo da madambaci tana turara alala, ƙwai da dankali.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki, a bar murfi a rufe na ɗan lokaci, zafin da ke ciki yana ci gaba da aiki. In ba ta dawo ba, a juye a tukunyar gida a ƙarasa a kan gas ko gawayi. Kada a ɗora tukunyar ciki a kan wuta, gindinta zai kumbura, ba za ta ƙara zama daidai ba.

Lafiya da tsaro

Wannan ne sashen da na fi so ku riƙe. A cikin ɗanyar shinkafa akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta huce ta zauna, ƙwayar tana yaɗuwa ta fitar da dafi mai sa amai da gudawa, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe dafin. Ɗumamawar tukunya tana tsare abinci ne saboda tana riƙe shi sama da digiri 60, amma sai da wuta. An ɗauke wuta, kariyar ta tafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da yankinmu ke haura digiri 40, abin ya fi sauri. Don haka kada a dafa shinkafar sahur da magariba a bar ta a ciki da fatan wuta za ta kwana. A dafa daidai ci.

A jona tukunya kai tsaye a soket na bango, ba a siririyar wayar jona da ke ɗauke da talabijin da caja ba. A ajiye ta a kan tebur, nesa da hannun yara, domin tururin da ke fita ta murfi yana ƙuna. Kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu ko ana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. Idan jikinta ya fara jan mutum, ko aka ji ƙaurin waya, a zare a kai wa mai gyara.

Wajen wanki, tukunyar ciki da murfi kawai ake wankewa, da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe da toka. Gangar waje gogewa ake yi bayan an zare ta ta huce. Farin dattin da ruwan burtsatse ke bari yana fita da ruwan lemon tsami. A rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu da kyankyasai.

Tukunyar lantarki ba za ta kori murhu daga gidajenmu yanzu ba, kuma wanda ya saye ta ya ajiye gas ko gawayinsa kusa. Amma gidan da ke samun wuta ko da awa huɗu a lokacin da aka sani, ko yake da sola mai ƙarfi, zai ga sauƙi a aljihu, uwargida kuma ta huta da hayaƙi. Ku lura da wutarku na mako guda, ku ƙirga bakunan da za su ci, ku karanta lambobin da ke gindin tukunya, sannan ku ciro kuɗi.