Tasirin gaurayen ma'adinai a kan ƙarfin tsoffin tukwane: misali daga ƙasar Mayahi

Duk wanda ya tsinci tsingaro a wani kufai na kwarin Gulbin Kaba, ya dubi bakin karayarsa, zai ga ƴan ƙwayoyi a cikin yumɓun. Wasu tare da ƙasar aka haƙo su, wasu kuwa magina ne suka zuba da gangan: rairayi, ko dakakken tsingaro, wani lokaci har da ƙaiƙayin gero. Wannan gauraye shi ne ake kira dégraissant da Faransanci.

Amfaninsa na farko sananne ne: yana rage danƙon yumɓu, ya hana tukunya tsagewa wajen bushewa. Amma ya kamata a bambanta abu biyu da akan haɗa, wato ƙarfi da juriya. Ƙarfi shi ne nauyin da tukunya ke ɗauka kafin tsaga ta fara. Juriya kuwa ita ce yadda take hana tsagar ci gaba. Nazarin da Tite da Kilikoglou da Vekinis suka buga a 2001 ya nuna cewa yawan rairayi yana rage na farko, yana ƙara na biyu.

Ga dalili. Galibin rairayi ƙanƙarar dutse ce, wato kwarts, wadda ke kumbura farat ɗaya a digiri 573. Idan tukunya ta huce sai ƙwayar ta tsuke, ta bar ƴan ƙananan tsagogi kewaye da ita. Waɗannan su ke raunana tukunya, amma kuma su ke tare babbar tsaga, su karkatar da ita har ƙarfinta ya ƙare. Shi ya sa tukunyar tuwo mai kaushi ke jure wutar murhu shekara da shekaru. Dakakken tsingaro ya fi sauƙin sha'ani, don kumburinsa kusan ɗaya yake da na yumɓun.

Dutsen farar ƙasa shi ne mai haɗari. Idan wuta ta kai wajen digiri 750 zuwa 850 yakan ƙone, daga baya ya sha raɓa ya kumbura, ya ɓantare jikin tukunya. Gashin fili kuwa yakan kai wannan zafi.

A ganinmu, kuskure ne mai bincike ya ɗauki kaushin tsingaro a matsayin rashin gwaninta. Kafin ya yanke hukunci, sai ya fara tantance ko ɓallin tukunyar girki ke hannunsa ko na tulu.