Ba Allon Bakin Ƙofa Ke Koyar da Kimiyya Ba: Jan Hankali ga Iyayen Tudun Wada

A watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ta ce cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, kashi 38.32 cikin ɗari ne kaɗai suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Hankalin iyaye ya tashi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an samu tangarɗa wajen makin wasu takardu, adadin ya koma kashi 62.96. An gyara alƙaluma, amma fargabar ta riga ta shiga zukata. Yau a majalisun Tudun Wada ta Kaduna, da bakin masallatai bayan la'asar, da gidajen suna, duk wanda ɗansa ke shirin barin ƙaramar sakandare tambayarsa ɗaya ce: wace makarantar kimiyya ce take fitar da sakamako mai kyau?

Tambayar ta fito daga zuciyar ƙauna, amma ma'aunin da ake amsa ta da shi gurguntacce ne. Abu uku muke dubawa. Na farko, a ga an rubuta "kimiyya" da manyan baƙi a allon bakin ƙofa. Na biyu, a ga hoton yara sanye da fararen riguna irin na likitoci. Na uku, a ga ƙyallen da aka rataya ana shelar cewa bara kowa da kowa ya ci jarrabawa. Da zarar ukun nan sun cika, sai uba ya sayar da abin sayarwa, uwa ta kwashi adashinta, a kai yaro, a dawo gida ana cewa an haifi likita. Alhali mai zane da tela da mai buga takardu za su iya haɗa ukun nan cikin mako guda, ba tare da an koya wa yaro komai ba.

Bai kamata mutumin Tudun Wada ya ruɗu da wannan ba, domin tsohuwar kasuwar Panteka tana nan kusa da mu. Wa ya taɓa ganin mai walda da ya ƙware ta hanyar kwafar rubutu daga allo? Yaron da aka kai Panteka sai ya riƙe ƙarfe, ya auna, ya yanka, ya ɓata, maigidansa ya sa shi ya sake, har hannunsa ya faɗa. Idan wani ya buɗe shago ya ce zai yaye masu ƙera injin niƙa cikin shekara uku, amma babu injin walda, babu guduma, sai allo da alli, ba wanda zai ba shi ɗansa. To, kimiyya ma sana'ar hannu ce da ido da ƙwaƙwalwa a haɗe, kuma ɗakin gwaje-gwaje shi ne shagonta.

Ɗauki aikin da kowane ɗalibin kemistiri zai tarar a jarrabawar firaktikal, wanda malamai ke kira taitireshan. Ana cika wani dogon bututun gilashi mai ma'auni da ruwan asid. A ƙarƙashinsa akwai kwalba mai ɗauke da ruwan alkali da aka auna daidai, aka ɗiga masa sinadarin da ke sauya launi. Yaro zai riƙa sakin asid da hannun hagu, yana kaɗa kwalbar da hannun dama, har ya zo daidai ɗigon da ruwan ɗorawa zai juye ya koma launin lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, aiki ya ɓaci. Sai ya daidaita idonsa da saman ruwan ya karanta ma'auni, ya rubuta, ya sake yi sau biyu ko uku har amsoshin su yi kusa da juna. Daga nan ne zai lissafa ƙarfin asid ɗin da bai sani ba. Abin da yake koya a nan ya wuce kemistiri. Yana koyon haƙuri, da rashin yarda da awo ɗaya, da rubuta abin da idonsa ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake fata. Wannan halin ake nema ga mai gwajin jini a asibitin Yusuf Ɗantsoho, da mai haɗa magani, da injiniyan da za a damƙa wa gada. Ba a samunsa ta hanyar haddace amsa.

Masu makarantu sukan ce kayan aiki sun yi tsada. Gaskiya ne wasu sun yi tsada, amma ba duka ba. Gwajin fiziks da aka fi sani zare yake buƙata, da ɗan ƙarfe mai nauyi, da rula, da agogo. A rataya ƙarfen a zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗan ture shi, zai je ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko kusa da haka. Yara su ƙirga lilo ashirin, su rage tsawon zaren, su sake ƙirgawa, su zana jadawali, daga ƙarshe su fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, wato adadin nan na 9.8 da ke cikin littafi, su gan shi ya fito daga hannunsu. A bayoloji kuwa, siririn ɓawon albasa da ɗigon aidin da madubin likita guda ɗaya sun isa yaro ya ga ƙwayar halitta da idonsa. Makarantar da ta shekara ba ta yi wannan ba, ba talauci ne ya hana ta ba, rashin kula ne.

Ga yadda ake rufe wannan giɓin. Kafin jarrabawar firaktikal, hukumomin jarrabawa kan aika wa makarantu jerin kayan da za a tanada. A nan ne wasu makarantu ke buɗe ɗakin da ya shekara a kulle, a share ƙura, a sayo ko a aro kayan, a yi wa yara bitar mako biyu a kan abin da ake zaton zai fito. Inda lalacewa ta yi nisa, ranar jarrabawa ma amsa ake rubutawa a allo, da sanin iyayen da suka biya kuɗin "taimako". Daga irin wannan ne wasu ƙyallayen "kowa ya ci" ke fitowa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, yaro da na'ura kawai. Mai neman likitanci zai amsa Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, mai neman injiniyanci kuwa lissafi zai maye gurbin bayoloji. Wanda ya tsallake nan ma, ajin farko na jami'a yana jiransa. Da yawa daga cikin masu takardar da ta cika da maki masu kyau a nan suke tsayawa.

Arewa ta taɓa gina makarantun kimiyya na gaske, kuma mun san yadda aka yi. A 1977 jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta ware makarantu biyu, ɗaya a Dawakin Tofa ɗaya a Dawakin Kudu, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Ba sunan ne ya yi aikin ba. An kafa musu hukuma ta musamman, an zaɓi ɗalibai da jarrabawa, an zuba kayan gwaji, an nemo malaman da suka karanci fannin. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun ƙasar nan. A jiharmu ma makarantar kimiyya ta Kufena da ke Zariya, wadda asalinta kwalejin St. Paul ce a Wusasa, ta yi suna a wannan fage. Darasin a bayyane yake: ɗalibin da ya shirya, da ɗakin gwajin da ke aiki, da malamin da ya san abin da yake koyarwa.

Batun malami ya fi komai nauyi. A makarantu da dama mutum ɗaya ne ke koyar da fiziks da kemistiri da lissafi daga aji ɗaya zuwa aji uku, albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, kuma da ya samu wani aiki zai tafi. Yaro sai ya ga malaman kemistiri huɗu cikin shekara uku, kowa ya fara daga inda ya ga dama. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada ɗalibai su wuce 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. Idan aji ya kai mutum tamanin, bututun gwaji kuma uku ne, yara biyar ne za su taɓa shi, sauran 'yan kallo ne.

Sai kuma shi yaron, wanda sau da yawa ba a tambayarsa. Mun ɗauka cewa mai ƙoƙari shi ke zuwa ajin kimiyya, rago kuma ajin adabi, har iyaye kan je su roƙi shugaban makaranta a sauya wa ɗansu aji don kada a ji kunya a dangi. Wannan zalunci ne ga yaro. Lauya da alƙali da akanta da malamin Hausa ba ragwaye ba ne. Kimiyya kuwa a kan lissafi take tsaye, kuma tushen lissafi a firamare ake kafa shi. Ba mu manta ba, a 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi gwajin da aka yi musu da darasin aji huɗu. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da gwajin da korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musa cewa tushe ya yi rauni. Saboda haka kafin a zaɓi makaranta, a zaunar da yaro, namiji ko mace, a ga ko ya iya raba lamba da lissafin kaso cikin ɗari ba tare da waya ba. In bai iya ba, lokacin hutu ya fi dacewa da gyara wannan, ba ɗinkin farar riga ba.

A kuma daina nuna wa yara cewa kimiyya ƙofa ɗaya gare ta. Guraben likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna ƙayyadaddu ne, masu nema kuwa dubbai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a cikin unguwarmu, wadda ta faro a 1956 ta zama Poli a 1968, ta yaye masu ilimin lantarki da gine-gine da awon ƙasa da kwamfuta da ke riƙe da gidajensu cikin mutunci. Akwai aikin jinya, da ungozoma, da haɗa magunguna, da ilimin noma, duk 'ya'yan ajin kimiyya ne.

Game da makarantar kwana, tsoron iyaye yana da dalili. Makarantar da aka kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta kimiyya ce, haka ma ta Kagara a Fabrairun 2021. Wanda zai kai ɗansa nesa ya je ya ga katanga da masu gadi da hanya da idonsa. Makarantar jeka-ka-dawo mai malamai tsayayyu, wadda uba ke iya leƙawa ya duba littafin ɗansa, ta fi ta nesa mai suna kawai.

Gani ya kori ji. Kada a je ranar da makaranta ta gayyaci baƙi. A je ranar Talata ko Laraba a tsakiyar zango, a ce, "Malam, ina so in ga ɗakin gwaji." A duba ko akwai ruwa a famfo, ko kwalaben sinadarai na da suna da kwanan wata. A nemi littafin firaktikal na ɗan aji biyu, a ga ko gwaje-gwajen sun bazu cikin shekara, ko kuma lambobin duk yaran iri ɗaya ne, alamar kwafa aka yi. A tambayi sunan malamin fiziks, da abin da ya karanta, da shekarunsa a makarantar. A tambayi makin JAMB na 'yan bara, ba na WAEC kaɗai ba. Makarantar da ke aikinta za ta yi murna da waɗannan tambayoyi.

Hukumar da ke kula da ingancin makarantu a jihar Kaduna ita ma tana da nata alhakin. Bai dace a ba makaranta izinin buɗe ajin kimiyya ba sai jami'ai sun ga ɗakin gwaji yana aiki, su kuma riƙa komawa ba tare da sanarwa ba. Kafin hakan ta tabbata, nauyin yana wuyanmu iyaye. Kuɗin makaranta in ya salwanta ana iya mayar da shi, amma shekara uku na ƙuruciyar yaro ba sa dawowa, don haka a bincika kafin a biya.