Silin auduga ɗaya, da cutar da ke shaƙe shi tun daga saiwa

Yau auduga za mu taɓa, musamman don 'yan uwana na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da ke tunanin komawa nomanta.

Ku ɗauki angurya ɗaya ku duba gashin da ke jikinta. Kowane sili ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ta tsiro daga fatar irin. Tana fara fitowa ranar da fure ya buɗe, ta yi ta miƙewa kusan sati uku har ta kai wajen santimita 3. Daga nan sai ta daina tsawo ta koma yin kauri. Abin da masu bincike suka gano shi ne, matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ne ke tura ta gaba, kamar yadda iska ke miƙe balan-balan. Wato in ruwa ya yanke a waɗannan makonni, silin zai fito gajere, kuma gajeren sili ba ya daraja a wurin masu masaƙa.

To, a nan ne cutar yaushi take shigowa. Wani fangas ne dangin funfuna, sunansa Fusarium, wanda aka fara bayyana ɓarnarsa ga auduga a Amurka tun 1892. A ƙasa yake zaune. Yana shiga ta saiwa, ya toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Sai ka ga gona a jiƙe sharkaf amma ganye na yin ɗorawa yana yanƙwanewa, wani lokacin ma gefe ɗaya na shukar kawai. In kana shakka, tsaga karan da wuƙa. Idan cikinsa ya yi ruwan ƙasa maimakon fari, to alamar ke nan.

Inda nake so mu natsu: audugar Bt da Najeriya ta amince da ita a 2018, tsutsa take hanawa, ba ta da ruwa da wannan cuta. Haka ma feshi a kan ganye, asarar kuɗi ne kawai, domin maƙiyin yana cikin kara. Kuma yakan yi shekaru a ƙasa yana jira.

Don haka gonar da ta kamu a huta mata da auduga, a sa masara ko dawa, waɗanda dama mun iya nomansu a kudancin Kano. Kar a ce za a sa kuɓewa, 'yar uwar auduga ce. A tuge wadda ta kamu a ƙone, kar a ajiye iri daga wannan gonar, a kankare ƙasar jikin garma kafin a shiga wata. Batun iri kuwa, cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya, ita ke fitar da nau'o'in SAMCOT, kuma daga Tudun Wada ba wata tafiya ba ce. Ku je da karan da kuka tsaga a leda, ku nuna musu.